Hausawan Sudan Ba Gari Ɗaya Ba Ne: Kada Ɗalibi Ya Yi Musu Kuɗin Goro

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tambayi ɗalibai yadda aka yi Hausawa suka zauna a ƙasar Sudan, amsar da ake samu kusan ɗaya ce. Za a ce alhazai ne da suka tashi zuwa Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka yada zango don su nemi na gaba, daga ƙarshe zango ya zama gari. Na sha ganin wannan amsa a takardun jarrabawa, na kuma sha jin ta a bakin manya. Akwai gaskiya a cikinta, sai dai gaskiyar ba ta cika ba, kuma abin da ta bari a baya ya fi abin da ta ɗauko yawa.

Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, kuskure ne a ɗauki Hausawan Sudan a matsayin al'umma guda mai tarihi guda. Mutumin garin Maiwurno, da ɗan ƙwadagon gonakin auduga na Jazira, da ɗan kasuwar Kasala, da masuncin da ke kusa da Rusairis, dukkansu suna iya gaisawa da Hausa, amma dalilin da ya fitar da kakanninsu daga gida daban ne, sharaɗin da aka ba su wurin zama daban ne, abin da suke ci da shi ma daban ne. Ɗalibin da ya haɗa su ya yi musu kuɗin goro zai kasa fahimtar harshensu, zai kuma kasa fahimtar halin da suke ciki a yau. Domin in fito da abin da nake nufi, zan fara da wani misali daga nesa, wanda masana tarihi suka daɗe suna nazari a kansa.

Darasi daga matsugunan Turawan Ingila a Amurka

A ƙarni na 17 Turawan Ingila sun kafa matsugunai a gaɓar gabashin Amurka. Sarkinsu ɗaya, harshensu ɗaya, tsibirin da suka baro ɗaya. Duk da haka, kafin a yi shekara ɗari, matsugunan nan sun bambanta har kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

A Bajiniya, wani kamfanin 'yan kasuwar Landan ne ya kafa garin Jamestown a 1607, kuma riba ya zo nema. Yawancin waɗanda aka fara kawowa maza ne marasa iyali. Da aka gano a wajen 1612 cewa taba tana yin kyau a ƙasar kuma tana da kasuwa a Turai, sai kowa ya bazu bakin koguna yana share manyan gonaki. Taba tana cin hannu da yawa, don haka aka riƙa kawo barorin da suka jinginar da ƙarfinsu na wasu shekaru, daga baya aka koma kan bayi daga Afirka, waɗanda rukuninsu na farko ya sauka a 1619. Abin da aka samu shi ne ƙasa mai gidaje warwatse, da 'yan tsirarun masu gona a sama, da ɗimbin marasa komai a ƙasa.

A arewa kuwa labarin ya sha bamban. Waɗanda suka sauka a Plymouth a 1620, da waɗanda suka biyo John Winthrop zuwa Masacusets a 1630, mutane ne da suka saɓa da cocin Ingila, suka yi ƙaura don su yi addininsu yadda suka fahimta. Sun zo da mata da 'ya'ya da malamansu. Sun zauna a dunƙule, gari-gari, kowane gari da wurin ibadarsa a tsakiya. A 1636 suka kafa makarantar Harvard, a 1647 kuma suka yi doka cewa duk garin da ya kai gida 50 sai ya ɗauki malamin koyar da yara. Ƙasarsu mai duwatsu ce, sanyi kuma mai tsanani, don haka ba ta karɓi manyan gonaki ba, sai suka karkata ga su da saƙar jiragen ruwa da fatauci. A tsakanin waɗannan biyu akwai Fensilbaniya, wadda William Penn ya samu izinin kafawa a 1681, inda aka buɗe ƙofa ga mabiya ɗariƙu dabam-dabam har da Jamusawa, alkama kuma ta zama abin dogaro.

Kada a ɗauka niyya kaɗai ce ta raba su. A wajen 1630 wasu masu irin aƙidar mutanen Masacusets sun kafa matsuguni a tsibirin Providence cikin tekun Karebiyan, inda ake da zafi da ƙasar noman kasuwa. Cikin 'yan shekaru sai ga su da bayi masu yawa, kamar kowane mai gonar neman riba. Wato aƙida ɗaya ta haifi al'umma iri biyu, saboda ƙasar da ta faɗa a kai ba ɗaya ba ce.

Daga wannan misali ɗalibi zai iya tsintar tambayoyi huɗu da zai yi wa kowace al'ummar da ta bar gida. Me ya fitar da su? Da wa suka fita, su kaɗai ko da iyali da shugaba? Wa ya ba su wurin zama, kuma bisa wane sharaɗi? Mene ne ƙasar da suka sauka take iya ciyar da su da shi? Bari mu ɗauki tambayoyin nan mu kai su bakin Nilu.

Maiwurno: garin hijira

A ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya nufi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, sarakuna da malamai da talakawa. An tare su a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, inda aka kashe shi ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'ar suka ci gaba. Bayan tafiyar shekaru suka isa bakin Shuɗin Nilu, suka fara sauka a ƙauyen Shaihu Talha a wajen 1906, daga baya suka tsallaka kogi suka kafa gari kudu da Sinnar kaɗan. Garin ya ɗauki laƙabin wanda ya kafa shi, har Larabawan Sudan suka lanƙwasa sunan ya koma Mayirno a bakinsu.

Abin tausayi a nan shi ne an gudu ba a tsira ba. Turawan da aka baro a Sakkwato sun riga su isa Sudan, domin sun karya daular Mahadi a Umdurman tun 1898, suka kafa mulkin haɗin gwiwa da Masar a 1899. Amma waɗannan Turawa suna buƙatar mutane. Yaƙe-yaƙe da yunwa na zamanin Mahadiyya sun rage jama'ar yankin, ga ƙasa ba masu noma isassu. Sai suka amince da Mai Wurno a matsayin shugaban jama'arsa, suka bar shi ya zaunar da mutane a bakin kogi.

Idan muka yi wa Maiwurno tambayoyinmu huɗu, amsoshin a fili suke. Addini ne ya fitar da su, hijira suka yi ba ci-rani ba. Sun zo da iyali da malamai da gidan sarauta wanda kowa ya san asalinsa. Sun samu ƙasa da sanin hukuma. Kogi kuma ya ba su noma da kiwo da su. Shi ya sa Maiwurno ta zama gari mai sarki da fada da makarantun allo, gari mai riƙe da tarihinsa, wanda har yau zuriyar Mai Wurno ke sarauta a cikinsa. A lura kuma, yawancin manyan gidajen farko Fulani ne masu jin Fulatanci, Hausawa suna tare da su, wasu kuma sun iso daga baya. Mark Duffield, wanda ya zauna a garin ya wallafa littafi a kansa a 1981, ya nuna cewa ko a cikin Maiwurno ɗin ma ba a taru aka zama ɗaya ba: akwai waɗanda suka shiga fatauci da harkar manyan motoci suka ƙara kusantar Larabawa, akwai kuma ƙananan manoma da suka dogara da ƙarfin damtsensu.

Jazira: inda auduga ta tsara zama

Arewa da Sinnar akwai faffaɗan fili tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, shi ake kira Jazira. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman rani wanda ya fara da faddan 300,000, faddan kuwa ya ɗara eka kaɗan. Manufar ita ce a samar wa masaƙun Ingila auduga mai dogon zare. Gwamnati ta ba da ruwa, wani kamfanin Ingila ya riƙe gudanarwa, aka yanka filin gona-gona, kowace ana kiran ta hawasha, aka raba wa manoma 'yan yankin. Manomi yana da kashi 40 cikin 100 na ribar auduga, saura gwamnati da kamfani su raba. A 1950 aka karɓe gudanarwar daga kamfani aka miƙa wa hukumar gwamnati, daga baya aka faɗaɗa shirin zuwa Manakil har ya kai wajen faddan miliyan 2.

Auduga kamar taba take wajen cin hannu. Mai hawasha da iyalinsa ba za su iya shuka da cira da tsinka su kaɗai ba. Nan ne mutanen yamma suka shigo, daga Darfur da Wadai da Barno da ƙasar Hausa. Da yawansu mahajjata ne masu neman kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda, wasu kuma gudun haraji da yunwa da aikin tilas ne ya fitar da su. A shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi wasu manoma suka watsar da gonakinsu, baƙi sun samu shiga hawasha. Da auduga ta sake daraja sai ƙofar ta ƙuntata, mafi yawansu suka ci gaba da zama 'yan ƙwadago ko masu noman raba-daidai a gonar wani.

Mazauninsu ma ya nuna matsayinsu. An bar su su kafa bukkoki a gefen magudanan ruwa da bayan ƙauyuka, a wuraren da ake kira kambo, jam'insa kanabi, kalmar da ta samo asali daga sunan sansani a Turanci. Filin ba nasu ba ne, don haka shekara da shekaru ba a ɗauke su ƙauyukan da suka cancanci makaranta da asibiti da famfo ba, ko da an haifi uba da kaka a wurin. Ga harshe ɗaya da na wasu mutanen Maiwurno, ga addini ɗaya, tazarar ma ba ta da yawa, amma zaman ya bambanta, domin sharaɗin ƙasa ya bambanta.

A cikin Jazirar ma akwai wani nau'in zaman. Masanin nan C. Bawa Yamba ya yi bincike a Wad Madani da ƙauyukan Hausawa na kewayenta, ya wallafa sakamakonsa a 1995. Ya tarar da mutanen da aka haifi iyayensu da kakanninsu a Sudan, amma har lokacin suna kiran kansu matafiya a kan hanyar Makka, suna zaune ƙarƙashin shehunan da suka kafa ƙauyukan, suna ɗaukar zamansu a matsayin zango. Haka nan a tsibirin Aba da ke Farin Nilu, mutanen yamma da yawa sun taru wajen Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi tun shekarun 1920, suna yi masa noman auduga da niyyar neman albarka. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa tun ƙarni na 19 aƙidar bayyanar Mahadi daga gabas ta yi ƙarfi a daular Sakkwato, har Hayatu ɗan Sa'idu, jinin Shehu Usmanu, ya yi wa Mahadin Sudan mubaya'a. Aiki ɗaya ne, tsinkar auduga, amma wani lada yake nema, wani kuɗin jirgi, wani kuma abin kai wa baka.

Garuruwan hanya da ƙauyukan bakin kogi

Nau'i na uku shi ne na unguwannin birane. Hanyar mahajjata ta bi ta Barno da Wadai ta shiga Darfur, ta kai Al'ubayyid inda jirgin ƙasa ya isa a wajen 1912, daga nan zuwa Kosti da Sinnar, har bakin Bahar Maliya a Sawakin da Fot Sudan. A ƙarshen shekarun 1920 aka haɗa layin dogo ta Gadarif da Kasala. Kusan kowace tasha a wannan hanya ta samu unguwar Hausawa, kuma tsarinta tsarin zango ne irin wanda muka sani a Kumasi ko Sabon Ibadan: maigida mai saukar da baƙi, malami mai allo, mahauci, maɗinki, mai tallan ruwa, mai ƙosai. Waɗannan ba su dogara da gona ba, da sana'a da kasuwa suka dogara, don haka cuɗanyarsu da Larabawa ta fi yawa. Daga irin wannan gida ne A'isha Musa Ahmad ta fito, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya, haifaffiyar Kasala, mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a gidan rediyon Umdurman a shekarun 1940. Ta rasu a 1974, kuma Sudan ta ɗauke ta tata.

Nau'i na huɗu shi ne ƙauyukan da suka bi Shuɗin Nilu sama, daga Sinja zuwa Rusairis da Damazin har kusa da iyakar Habasha. Su masunta ne da manoman gaɓar kogi, masu shuka a ƙasar da ruwa ya janye ya bari. Yankin kuwa yana da masu shi na dauri, Funj da Hamaj da Berta da sauransu, waɗanda a al'adarsu ƙasa ta ƙabila ce, baƙo yana noma ne da izinin sarkin wurin. Muddin ƙasa tana da yalwa, wannan tsari ya ɗauki kowa. Da aka gina madatsar Rusairis a 1966, aka ƙara mata tsawo a 2013 ruwa ya ci ƙauyuka, manyan gonakin inji kuma suka cinye daji, sai ƙasa ta yi tsada, tsohuwar tambaya ta taso: wane ne mai gida, wane ne baƙo?

Abin da ke kan faifai

Wani zai ce wannan duk tarihi ne na cika takarda. Ba haka ba ne, domin rarrabewar nan ta shafi takardar zama ɗan ƙasa, ta kuma shafi rai.

A bakin yawancin mutanen Sudan, sunan Fallata yana haɗa Bafulatani da Bahaushe da Babarbare da duk wanda ya fito daga yamma, kamar yadda tsohon suna Takarir yake yi, wanda ɗan'uwansa ne muke ji a kalmar takari. Wannan ma kuɗin goro ne, kuma ya yi ɓarna. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. A duba wannan kwanan wata da kyau: ya fitar da jama'ar Mai Wurno da suka iso bayan Burmi, balle 'yan ƙwadagon da suka zo bayan 1925. Dokar 1994 ta dawo da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu 1956, amma zargin baƙunci bai gushe daga zukata ba.

A watan Yuli 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta tasu a cikin tsarin sarautun gargajiya, abin da maƙwabtansu suka ɗauka hanya ce ta mallakar ƙasa. An kashe fiye da mutum 100 a watan, aka sake kashe fiye da 200 a Oktoba a yankin Wad al-Mahi, dubbai suka bar gidajensu. Sannan yaƙin da ya tashi a Afrilu 2023 ya iso Jazira, Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairu 2025, kuma a wannan tsakanin mazauna kanabi sun sha hare-hare bisa zargin goyon bayan wani ɓangare. Wanda bai san bambancin garin da ke da sarauta tun farkon ƙarni na 20, da ƙauyen da ke noma da izinin wani, da kambon da ba shi da ko takardar fili ba, ba zai gane dalilin da ya sa wuta ta kama a nan ta tsallake can ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin da wannan ke nufi ga mai nazarin harshe

Mu da muke nazarin Hausa, wannan batu namu ne kai tsaye. Ana yawan rubuta "Hausar Sudan" a jerin kare-karen harshe kamar abu guda, alhali kuwa tun daga gida ba Hausa ɗaya aka ɗauka ba. Wanda ya tashi daga Sakkwato ya tafi da "sunka tahi" da "shi na", wanda ya tashi daga Kano ya tafi da "suka tafi" da "shi ne". Wanda ya fita a 1903 bai san mota da tebur da asibiti ba, domin kalmomin ba su shigo Hausa ba tukuna. Da waɗannan abubuwa suka same shi a Sudan, da sunayensu na Larabci suka zo: arabiyya da tarabeza da mustashfa. Wanda ya bi hanya a shekarun 1950 kuwa ya isa da aron Turanci a bakinsa. Karatun zamani a can da Larabci ake yi, don haka mutum zai iya zama gwanin magana da Hausa amma rubutun boko ya zame masa baƙo.

Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi littafi a kan Fulatancin Sudan a 1986, ya yi wani a kan Hausar Sudan a 1999, duka biyun suna bin yadda harsunan suke sajewa da Larabci. Abin da ya rage ga masu tasowa shi ne su bi wannan sawu wuri-wuri. Hankali ma zai ba ka cewa ƙauyen da kowa Bahaushe ne kuma ake aure a cikin gida ba zai riƙe harshe daidai da unguwar birni inda yaro ke wasa da Larabci tun yana rarrafe ba. Saboda haka duk ɗalibin da ya samu jimla daga bakin Bahaushen Sudan, kafin ya kafa hujja da ita ya tambaya: daga wane gari, kakanninsa daga ina, yaushe suka zo, kuma da wane harshe yake magana da mahaifiyarsa?

Ƙorafi biyu da suka cancanci amsa

Na san za a yi mini ƙorafi biyu, kuma duka biyun suna da nauyi.

Na farko, za a ce kwatanta Hausawan Sudan da Turawan da suka mamaye Amurka zalunci ne, domin kalmar 'yan kama-wuri-zauna ita ce ainihin zargin da ake jifansu da shi. Na yarda, kama da wane ba ta wane. Turawan Ingila sun je da takardar sarkinsu da bindiga, suka kori 'yan asalin ƙasar, suka kafa mulkin kansu. Hausawa da Fulani sun isa Sudan da sanda da buta, suna gudun waɗancan Turawan ko suna neman Ɗakin Allah, suka zauna ƙarƙashin mulkin wasu, kuma a Jazira su ne suke ƙasan tsani. Idan ma za a nemi takwaransu a Bajiniya, a cikin masu aikin gonar taba za a same shi. Abin da na aro daga can hanyar tambaya ce kawai. Duk da haka adalci ya sa a faɗi cewa ƙasar da Turawan mulki suka zaunar da baƙi a kai tana da waɗanda suke ganin tasu ce tun kaka da kakanni, kuma tsoronsu na rasa ta ba ƙarya ba ne. Ɗalibin kirki yana sauraron ɓangarorin biyu.

Na biyu, za a ce a lokacin da ake kashe mutane don suna Hausawa, rarrabe su raunana su ne, tsintsiya kuwa maɗaurinta ɗaya. Amsata ita ce, wanda ke son korar su shi ya fi kowa amfana da kuɗin goro, domin da shi yake mayar da jikan mutumin da ya zo a 1906 daidai da wanda ya tsallako iyaka bara, ya ce duka baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne. Abin da ke karya wannan magana shi ne tarihi dalla-dalla: wannan gari an kafa shi shekara kaza, wannan kambo hannunsa ne ya tsinke audugar da ta riƙe baitulmalin Sudan shekaru da dama, wannan mawaƙiya a Kasala aka haife ta. Raɓar da ta kwana shekara ɗari a wuri ta tashi daga sunan raɓa. Bugu da ƙari, buƙatunsu ba ɗaya ba ne. Ɗan kambo fili da makaranta yake nema, mutumin gaɓar kogi yarjejeniyar ƙasa da maƙwabtansa yake buƙata, ɗan birni kuma takardar shaida ba tare da wulaƙanci ba. Wanda ya ba su magani ɗaya bai duba ciwon kowa ba.

Kammalawa

Turawan Ingila sun fito daga tsibiri ɗaya suka zama al'ummu dabam-dabam a Amurka, saboda niyya da abokan tafiya da sharaɗin ƙasa da abin noma sun bambanta. Hausawa da 'yan'uwansu Fulani sun bi hanya ɗaya zuwa gabas, suka zama mutanen Maiwurno da na kanabin Jazira da na unguwannin Kasala da Wad Madani da na gaɓar Rusairis, bisa waɗannan dalilai guda huɗu. Shawarata ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, idan an sake tambayar ku yadda Hausawa suka zauna a Sudan, ku fara da mayar da tambaya: waɗanne daga ciki? Sannan duk wanda Allah ya haɗa shi da ɗaya daga cikinsu, musamman yanzu da yaƙi ya warwatsa da yawa har wasu suka iso Nijeriya da Nijar da Chadi, ya zauna ya saurare shi, ya rubuta sunan garinsu da na kakansa da irin Hausar da ke bakinsa, tun dattawan da suka riƙe labarin suna raye. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa gidansa.